Zama na Huɗu

Aikina a kotun nan ba na baki ba ne,
na yatsu ne.
Abin da aka furta nake bugawa,
abin da aka haɗiye ba ya hawa takarda.

Ƙanƙara ta toshe titunan Sapporo tun asuba,
kowa ya shigo da jiƙaƙƙen takalmi,
har mai shari'a.
Dattijo Shigeharu ya riga masinja isowa,
cikin rigar sanyi da ta yi wa kafaɗarsa yawa.
Kallo ɗaya na san ba tasa ba ce.

Shekara talatin da ɗaya, in ji shi,
suna dafa taliya, shi da Kuniyasu:
tukunya ɗaya, bashin banki ɗaya,
ɗaki ɗaya a saman shago
mai tagar da ke kallon layin dogo.
Daren da zuciyar Kuniyasu ta gaza,
malamar asibiti ta ce, kai wane ne nasa?
Yana da amsa.
Takardar ce ba ta da gurbinta.
Ya kwana kan benci a bakin ƙofa
har ɗan ƙanin majinyaci ya iso daga Osaka
da hatimi a aljihu.
Kafin nan an ja mayafi.

Lauyan gwamnati ya miƙe, mutum mai ladabi,
ya rusuna wa dattijon tukuna.
Ya ce kundin ƙasa jinsi biyu ya ambata,
ba shi ya rubuta ba, ba shi zai kankare ba.
Ya ce aure gida ne da aka gina don 'ya'ya,
in kuma za a taɓa harsashi,
diga da shebur na hannun majalisa,
kotu ma'auni kaɗai aka ba ta.
Na buga. Bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

Lauya Hayasaka ta zare tabarau.
Ta ce masu rubuta kalmar nan
aure suke ƙwacewa daga hannun masu gida
su damƙa wa masu zaman.
Mabuɗi suka ƙera, ta ce,
yaushe ya rikiɗe ya zama kwado?
Ta juya shafi baya,
inda aka ce kowa daidai yake gaban doka,
ta tambaya ko kalmar kowa tana da ƙofar baya.
Wannan ma na buga,
da yatsun da suka buga na farko.

A layin ƙarshe Naoyuki na zaune,
shi doka ta ba shagon.
Yana da 'ya'ya biyu da nasa bashin.
A kan teburin nan ya koyi riƙe tsinken cin abinci,
kuma kawu yake kiran su, su biyun.
Bai ɗaga kai ba tun safe.

Da mahaifiyata na nan, na san gefen da za ta zauna.
Ni kujerata a tsakiya aka kafe ta da ƙusa.

Mai shari'a ya ce, me kake nema a wajen kotu?
Dattijon ya sa hannu a aljihun rigar,
ya taɓa wani abu, bai fito da shi ba.
Daƙiƙa goma sha ɗaya na ƙirga.
Na'urata ba ta da maɓallin shiru.

Layi ɗaya, ya ce,
a rajistar iyali, ƙarƙashin sunansa.
Ko da fensir ne.

An ɗage zama sai ƙanƙara ta narke.

A matakala na ji 'yan jarida sun tare shi,
suna tambayar me yake fata.
Ya duba agogo.
Ya ce shago na buɗewa ƙarfe biyar,
kuma tun jiya ya ɗora romo.